Tsohon Injin Sharada Ba Ɗan Beljiyam Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Uba Bala, wanda Sharada ta sani da Uba Fita, mazaunin Panshekara, nake rubuta wannan da hannuna, da hankalina cikakke, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙoda ce ta gaza, kan yana nan lafiya. In kun ga layi ya karkace, hannun ne yake rawa tun da aka fara yi mini wankin ƙodar nan, kada wani ya ce tsoho ya rikice. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ManzonSa ne. A kan haka na rayu, a kan haka nake fatan cikawa.

Wannan zuwa ga matata Sauda ne, da 'ya'yana uku, Ya'u da Abdulbaƙi da Mubina. Malam Muhyiddeen, limamin masallacinmu, shi zai karanta muku bayan an share makoki. Ku zauna ɗaki ɗaya ku ji, kada wani ya ce a turo masa ta waya.

Na ɗaya. Duk inda na cika, a yi mini sutura da wuri a kai ni maƙabarta mafi kusa. Kada a ajiye ni ana jiran wani ya taso daga Abuja. Kada a kafa rumfuna ana dafe-dafe kamar biki, mai zuwa gaisuwa a ba shi ruwa, ya yi addu'a ya tafi.

Na biyu. Ba a bi na bashi, ni ma ba na bin kowa. Amma akwai kayan mutane a shago da aka kawo gyara, suna kan kantar hagu, kowanne da sunan mai shi da alli a jiki. Wanda aka gama a ba mai shi, wanda ba a gama ba a gama. Shaf ɗin injin, wato sandar ƙarfen da ke juya shi, na Alhajin nan mai casar shinkafa na Kura ya daɗe, a fara da shi, mutumin ya yi haƙuri da mu.

Na uku. Gidan Panshekara na mahaifiyarku ne. Filin gadonta ne, ginin kuma na mallaka mata shi tun ina da lafiya, gaban shaidu, kun sani. Ba ya cikin abin da na bari. Sauda, ki zauna a ɗakinki, kada wani ɗa ya lallaɓe ki ki koma gidansa ki zama mai rainon jikoki. In suna son ganinki, hanya a buɗe take.

Na huɗu. Abin da na bari bai da yawa: babur, injin walda, garanda, akwatunan kayan aiki, da babban injin da ke tsakiyar shago. Shagon kansa haya ne. Rabon gado ba nawa ba ne, Allah Ya riga Ya raba, Malam zai lissafa muku, kowa ya karɓi nasa ya yi shiru. Abin da shari'a ta bar mini in yi magana a kai sulusi ne, kashi ɗaya cikin uku, shi ma ga wanda ba magaji ba. A nan maganar babban injin ta shigo, kuma ita ce ta sa na ɗauki biro. Sai kun yi haƙuri, don tana da tsawo.

Na biyar. Tarihin injin, don ku daina faɗin abin da ba ku sani ba a kansa.

Lokacin da masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, mu ma aka sallame mu daga wadda muke aiki a Sharada. Ni da Habila muka fito ƙofa tare, kowa da akwatin kayan aikinsa a hannu. Habila ɗan Zonkwa ne, kun san shi tun kuna yara, shi ne mai kawo muku citta da zuma in ya dawo daga Kirsimeti. Fita ne kamar ni, wato mai haɗa injuna da gyara su, sashe ɗaya muka yi shekaru. Da 'yan kuɗin sallamata na shiga neman injin da zan kafa shago da shi, sai aka haɗa ni da wani dillali a Bompai, Garba, Allah Ya jiƙansa. Ya kai ni bayan wani sito da ya daina aiki, ya yaye buhunan da aka rufe wani abu da su. Injin milin ne, irin wanda yake fere ƙarfe ya daidaita shi, ya yanka gurbi a jikin shaf, in ka juya kansa kuma ya huda. Ya fi ni tsawo. An zuba masa koren fenti mai kauri, har wuraren zuba mai an toshe. Allon tagulla da ke ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera shi babu, sai ramuka huɗu inda aka ɓamɓare shi, don masu gadi sun riga sun sayar wa 'yan gwangwan.

Na tambayi Garba ɗan ina ne. Ya bugi jikin injin ya ce Beljiyam ne, lafiyayye. Daga wannan kalmar komai ya taso.

Kun san bakinmu. Duk abin da wani ya yi amfani da shi a waje aka shigo da shi, mun ce Beljiyam ne, mota ce, firji ne, ko injin ban ruwa. Garba ma ya wuce nan, shi ko tsohon keken da bai taɓa ganin jirgin ruwa ba Beljiyam ne a wurinsa. Ni ma na san haka sarai. To amma a gindin injin, ta gaba, akwai harafin B babba da aka zubo shi tare da ƙarfen. Na dubi B, na tuna maganar Garba, sai na ce ashe wannan na gaske ne. Ga shi kuma ma'aunan hannayensa duk a mili suke, wato milimita, irin lissafin Turai. Tun daga ranar na riƙa gaya wa kowa cewa injina ɗan Beljiyam ne na asali, ina faɗa da alfahari, masu kawo aiki suna gyaɗa kai. Ku ma a bakina kuka ji.

Ba wai ba mu ga alama ba. In muka kwance noti a jikinsa sai mu tarar tiredinsa, wato zanen da ake murɗa shi a kai, na inci ne. Amma a Kano mene ne ba a gauraya ba? Muka ɗauka gyaran waɗanda suka riƙe shi kafin mu ne. In noti ya cinye, Habila ba ya zuwa kasuwa, sai ya ɗauki tsohon ya yanka sabo daidai da shi, a ɗaura a ci gaba. Haka muka yi sama da shekara ashirin. Da injin nan muka yi wa kamfanonin leda na Sharada aiki, da masu jima na Challawa, da masu niƙa daga ƙauyuka har Jigawa. Makarantarku duka daga cikinsa ta fito, da auren Mubina, da Hajjin mahaifiyarku.

Bara, da jikina ya kwantar da ni, Habila ya tafi gida jana'izar yayansa, shago ya rage hannun Abdulbaƙi. Babban notin da ke matse kan injin a jikin ginshiƙi ya cinye, ga aikin gaggawa a tebur. Abdulbaƙi ya yi lissafin da duk mai hankali zai yi: injin Beljiyam, noti na mili. Ya je Ƙofar Ruwa ya sayo mili goma sha biyu. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane ba, amma mili goma sha biyu da rabin inci a ido kamar ɗaya suke. Sabon notin ya shiga zagaye biyu lafiya lau, sannan ya cije. Yaro da ƙarfinsa, ya sa bututu a sifana ya danna. Kunnen ginshiƙin, inda notin yake shiga, da yake ƙarfen zubi ne, ya tsage.

Da aka gaya mini a gadon asibiti na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ba don fushi da Abdulbaƙi ba.

Ya'u ya ce a kira 'yan gwangwan su auna a kilo a huta. Habila da ya dawo ya ɗaure kunnen da maɗaurin ƙarfe, injin ya ci gaba da ƙananan ayyuka, amma ya ce gyara na gaskiya sai an san ainihin awon wurin da yadda aka ƙera shi. Nan Mubina ta shigo. Ita da take aikin ɗakin gwajin jini, ba ta san sifana daga cokali ba, ta je shago ta ɗauki injin hoto gaba da baya. Ta nemo wani dandali a intanet inda tsofaffin ma'aikatan ƙarfe na ƙasashe suke taruwa suna hira a kan tsofaffin injuna, ta sa hotunan, ta rubuta cewa injin mahaifinta ne ɗan Beljiyam, tana neman sunan kamfanin.

Watanni aka yi ana laluben Beljiyam. Bayin Allah nan suka yi ta tono sunayen kamfanonin ƙasar, masu rai da matattu, suna turo hotuna, mu kuma muna dubawa muna cewa ba shi ba ne. Wani mutumin Beljiyam ɗin ma ya ce shi dai a iya saninsa ba su taɓa ƙera mai irin wannan ƙirar ba. Na ce wa Mubina ta gaya masa bai san ƙasarsu ba. Daga ƙarshe wani ya tambaye ta wa ya ce mana ɗan Beljiyam ne, akwai takarda? Ta zo ta tambaye ni, na ce Garba dillali ne ya faɗa. Ta tsaya tana kallona, ni ma ina kallonta, sai muka fashe da dariya a ɗakin wankin ƙoda har nas ta leƙo. Na so in ga yadda ta yi ta bayyana wa Turawan nan cewa a garinmu Beljiyam ba ƙasa ba ce, gwanjo ne.

Da aka cire Beljiyam daga maganar, abu bai daɗe ba. Wani tsoho daga Ingila, wanda ya ce ya yi koyon aiki a kan irinsa yana saurayi, ya gane shi ta siffar hannun da ake sauke kai da shi da 'yan kofunan mai na gefe. Ya ce a kankare fenti a ƙarshen tebur ta dama, ta ƙasa. Habila ya kankare, ga lambobi a buge. Aka tura masa. Ya ce ƙirar Ingila ne, na wajen ƙarshen shekarun 1950, kafin a ba mu mulkin kai. Waɗanda aka yi don fitarwa waje ana sa musu ma'aunin mili, amma notinan jiki a bar su a inci yadda aka saba a can. B ɗin da na yi shekaru ina nuna wa mutane kuwa, ba sunan ƙasa ba ne, ba ma sunan kamfani ba ne. Samfuri ne. Akwai A ƙarami, akwai B babba. Ya ɗauki littafin injin hoto shafi-shafi ya turo, bai karɓi ko sisi ba. Mubina ta buga shi, yana shago cikin leda. Da awon da ke ciki Habila ya yi wa kunnen gyara na sosai, kan ya koma daidai. In kuna da hali ku aika wa tsohon nan gaisuwa, ku gaya masa na rasu, ya yi mana alheri.

Na shida. Ya'u da Abdulbaƙi, rigimarku ta ƙare daga ranar da aka karanta wannan. Ya'u, ka ce ƙaninka ya kashe abincin gida da gaggawarsa, ka faɗa a gaban ma'aikatan maƙwabta, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Abdulbaƙi, kai kuma ka ce wanda ya gudu ya koma tuƙin tirela ba shi da bakin magana a kan shago. Tun daga nan ko Sallah ba ku gaisa ba, matanku ma sun ɗauka, mahaifiyarku tana kwana da abin a ranta. To ga shi kun ji. Abdulbaƙi ya yi aiki da abin da ubansa ya gaya masa, ubansa kuma ya ji a bakin dillali, dillali ya faɗi abin da duk Kano take faɗa. Wa za ku kama? Da kai ne a shagon, Ya'u, notin nan za ka sayo, kuma da ƙarfinka ginshiƙin gaba ɗaya za ka raba biyu. Kai ne babba, kai za ka fara miƙa hannu. Abdulbaƙi, in ya miƙo kada ka tsaya jan aji, na san halinka.

Na bakwai. Na yi wasiyya da babban injin ga Habila.

Ku saurara kafin wani ya yi tsalle. Kuɗina ne ya saye shi, gaskiya ne, amma Habila ne ya kwance shi gunduwa-gunduwa a Bompai, muka kwaso a akori-kura, ya haɗa shi a Sharada. Tun daga nan hannunsa ya fi nawa daɗewa a kai. Ba mu taɓa rubuta wane ne maigida wane ne yaro ba, abin da aka samu a raba. Ran Juma'a ya tsare shago in tafi masallaci, ran Lahadi in tsare ya tafi coci. Da na kwanta, duk ƙarshen mako matarsa Rut take kawo wa Sauda kasona har gida, bai taɓa ragewa ba, alhali ko tsintsiya ban ɗaga ba. Yanzu ya haura sittin, kunnensa ɗaya ya mutu da ƙarar masaƙa, ba shi da fansho, kuma ba kamfanin da zai ɗauki irinsa. Ku kuna da abin yi. Ya'u yana tuƙin tirela, Mubina tana da albashi, Abdulbaƙi kuma walda ce sana'arsa ta gaske, ya fi kowa sani. Habila in aka ɗauke injin nan, an ɗauke tuwonsa.

Na tambayi Malam Muhyiddeen, ya ce wasiyya ga wanda ba Musulmi ba ta halatta, in dai ba ta wuce sulusi ba. Ga inda gizo yake saƙar. Da can, da za a kira masu kimantawa, tsohon ƙarfe mara suna za su gani mai tsagaggen kunne, su yi masa kuɗin kilo, ya shige cikin sulusi ba wanda zai ce uffan. Yanzu da aka san sunansa da asalinsa, aka kuma gyara shi, labari ya canja. Daga hotunan Mubina mutum biyu sun nemo mu, ɗaya daga Legas, ɗaya dillalin masu tara tsofaffin injuna ne. Abin da suka taya ya fi duk sauran abin da na mallaka a haɗe. Binciken da muka yi don mu ceci injin shi ya fitar da shi daga ikona. Na ce to in ba shi kyauta tun ina numfashi, Malam ya ce kyautar mai ciwo irin nawa hukuncin wasiyya take ɗauka. Abin da ya haura sulusi sai da yardar magada, kowa a kan kasonsa.

Mubina ta ce mu yi shiru, tunda daga ni sai ita muka san tayin, a kimanta shi a matsayin gwangwan a wuce wurin. Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa, kada ku riƙe ta da shi. Na ƙi. Ba zan shiga kabari da haƙƙin 'ya'yana a wuya ba, kuma ba zan ba Habila abin da in ya san yadda aka yi ba zai karɓa ba. Lambobin mutanen biyu suna wayar Mubina, duk mai so ya kira ya ji da kunnensa.

Saboda haka sulusina na Habila ne a cikin injin, wannan umarni ne, kuma ba mai taɓa shi. Ragowar kuwa taku ce, halal ɗinku. A nan ba umarni nake ba, roƙo nake. Ban saba roƙonku komai ba, kun sani. Ina roƙonku ku bar masa. Na san Ya'u yana son ya mallaki motar kansa ya daina yi wa wani tuƙi, na san Abdulbaƙi yana gini a Zawaciki ya tsaya a linta. Ba ƙananan buƙatu ba ne, kuma wanda ya ce yana son kasonsa bai yi saɓo ba, ban kuma yi fushi da shi ba. Sauda ta riga ta gaya mini ta yafe nata, amma Malam zai sake tambayarta bayan raina, don kada a ce kunyata ta ji.

Na takwas. In wani a cikinku ya ƙi, kada a sayar da injin a bayan idon Habila. A ba shi lokaci ya fanshi kason da aiki, a hankali. In sayarwar ta zama dole, to kada 'yan gwangwan su sa masa guduma, a sayar wa wanda zai kunna shi. Kuma duk wanda ya gaje shi, a rubuta da jan fenti a jikin ginshiƙi cewa notinansa na inci ne. Na so in yi da kaina, ƙafa ta hana.

Habila bai san da wannan takarda ba, kuma ba zai tambaye ku komai ba, na san shi. Abin da zai yi shi ne, bayan an share makoki zai je shago ya share, ya goge injin ya zuba masa mai, ya rufe. Sannan ya hau babur ya zo Panshekara, ya yi sallama a ƙofar gida, ya miƙa wa Ya'u mukulli da hannu biyu, ya ce ga amanar Malam Uba. Kafin wannan ranar nake so ku gama shawara, ku ukun, a ɗakin mahaifiyarku, ba matan kowa, ba mijin kowa. Ku fito da baki ɗaya, ko wane ne. Kada ku bar dattijon nan tsaye a ƙofa kuna musu a kansa.

Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah Ya ba ku halal mai yalwa, Ya tsare ku daga abin kunya. Ku riƙe sallah, ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada a ji ɗayanku ya kwana da yunwa ko da ciwo sauran ba su sani ba. Sauda, na gode, ki yafe mini, ni na yafe miki duniya da lahira. Na yafe muku duka.

Ya'u, a hannunka mukullin zai shigo. Ina fatan ka mayar wa Habila.

Uba Bala, Panshekara.
Shaidu: Malam Muhyiddeen liman, da maƙwabcina Malam Bala mai shayi.